Mai gyara ya tafi da makullin gida

Tun da Starlink ya fara aiki a Nijar a watan Maris na 2025, sana'ar sayar da Wi-Fi ta ƙara samun kasuwa a garuruwan bakin kwalta, daga Gidan Rumji zuwa Agye da Gazawa. Mai shago kan girka ƙaramar na'ura tsakanin intanet da wayoyin jama'a, ita ce katangar tsaro mai tace masu shiga da fita. Wasu na amfani da MikroTik, wasu kuma tsohuwar kwamfuta ce aka ɗora wa pfSense ko IPFire.

Rikici na tasowa ne ranar da yaron shago ya so gyara wani abu. Ya shiga da sunansa lami lafiya, ya buga umarnin su don ya koma root, wato mai cikakken iko, ya rubuta kalmar sirri, na'ura ta ƙi. Ya sake, ta sake ƙi. Daga nan sai a ce an yi kutse, ko inji ya lalace.

Sau da yawa ko ɗaya babu. Umarnin su kalmar sirrin wanda za a koma yake tambaya, umarnin sudo kuwa ta mai bugawa yake so, kuma a nan mutane da dama ke tuntuɓe. A FreeBSD, wanda pfSense ke zaune a kansa, wanda ba ya cikin rukunin wheel ba zai zama root ta hanyar su ba ko da ya buga kalmar daidai. Kalma ɗaya ta ban haƙuri da Turanci zai gani, shi ke nan. A tsarin Ubuntu kuma asusun root a kulle yake zuwa tun farko.

Akwai kuma matsalar da ta fi zama tamu. Allon rubutun da aka saba da shi a ofisoshin Nijar na Faransa ne, AZERTY, injinan da ake kawowa daga Kano da Katsina kuwa QWERTY ne. A da Q sun yi musayar wuri, Z da W ma haka, M ya ƙaura, lambobi kuma a na Faransa sai an danne Shift. Tunda haruffan sirri ba sa fitowa a fuskar kwamfuta, mutum zai rantse ya buga daidai, alhali na'ura wani abu ta karanta. Gwajin ba wuya: a rubuta kalmar a gurbin suna, inda ido ke gani, a goge kafin a danna.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin takaici shi ne mai shago ya biya kuɗin girkawa, mai gyara ya hau mota ya koma Maraɗi da kalmar root a kansa shi kaɗai. In wayarsa ta daina shiga, sai a share na'ura a fara daga tushe, ko a bar ta da kalmar da kamfani ya sa, wadda duk mai bincike a intanet zai samo.

Don haka masu shaguna da ofisoshin magajin gari, kada ku cika kuɗin aiki sai mai gyara ya canza kalmar kamfani, ya rubuta muku ta root a takarda tare da irin allon da aka buga ta da shi, kun kuma gwada ta a gabansa.