Wane ɗan kasuwa ne zai sake gina Khartum?

Tun da sojojin Sudan suka ƙwace fadar shugaban ƙasa daga hannun dakarun RSF a watan Maris na 2025, ake ta kiran 'yan kasuwa su zo a tayar da Khartum da Omdurman da Bahri. Kiran yana kan hanya, don baitulmali babu komai a cikinsa. Bashin da ƙasashen waje ke bin Sudan ya haura dala biliyan 50, shirin yafe shi da aka soma a 2021 kuma ya tsaya cak bayan juyin mulkin watan Oktoban shekarar. Gadar Shambat ta karye tun Nuwamban 2023, matatar mai ta Jaili ta ƙone, ɓarayi sun tone wayoyin lantarki saboda jan ƙarfen da ke ciki. Gwamnatin Firaminista Kamil Idris ba za ta iya wannan aiki ita kaɗai ba. Sai dai kafin a raba kwangila, a fara tantance wa ake kira ɗan kasuwa.

A Sudan, kamfanoni da dama masu kama da na masu zaman kansu na masu bindiga ne. A 2020 Firaminista Abdalla Hamdok ya koka a fili cewa mafi yawan dukiyar gwamnati ba ta bi ta hannun ma'aikatar kuɗi. Soja na da Giad da Zadna, iyalan Hemedti, jagoran RSF, kuma na da Al Junaid, wanda ya yi ƙiba da zinaren Jabal Amir na Darfur. Bayan ɓarkewar yaƙi a ranar 15 ga Afrilun 2023, Amurka ta ƙaƙaba takunkumi a kan kamfanonin ɓangarorin biyu, bisa zargin cewa da kuɗinsu ake rura wutar. Miƙa wa irinsu aikin sake gini tamkar ba wa kura ajiyar nama ne. Ribar za ta koma rumbun makamai, ɗan kasuwa na gaskiya kuma, wanda ke biyan haraji yana bin layin neman dala, ba zai iya gogayya da mai kwastan da fili da bindiga a hannu ɗaya ba.

A duba waɗanda suka riƙe garuruwan nan lokacin da gwamnati ta koma Port Sudan. Manhajar Bankak ta Bankin Khartum ce ta riƙa isar da kuɗin da 'yan uwa ke turowa daga Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa, da su ake ɗora tukunya a ɗakunan girkin unguwa da ake kira takaya. Masu gidan burodi, masu sayar da ruwa a amalanken jaki, masu haɗa lantarkin hasken rana, har da masu gasa agashe, sana'ar da jikokin alhazan ƙasar Hausa suka yi suna da ita, su ne suka hana rayuwa tsayawa. Bukatarsu ba ta kai ta taron masu zuba jari a otal tsada ba: tsaro a kasuwar Omdurman da kasuwar Libiya, wuta, rancen jari mai sauƙi, da kotun da za ta mayar wa mutum shagonsa in ya dawo ya tarar da wani a ciki.

Wani zai ce mai burodi ba ya gina gada. Gaskiya ne. Ana bukatar manya irin su rukunin DAL mai kamfanin fulawa na Sayga, da masana'anta irin Samil, wadda kafin ta ƙone a watan Mayun 2023 take samar da kusan kashi 60 cikin 100 na abincin jinyar yara masu tamowa a ƙasar. Su zo, baƙi ma su zo, amma a buɗe neman kwangila ga kowa, a bayyana sunan mai kamfani da farashin aiki. Wani kuma zai ce ɗan kasuwa riba yake nema, talakan da ya dawo gida ba ko katifa da me zai biya? Nan kam akwai iyaka. Kwalarar da ta ɓarke a Khartum a watan Mayun 2025, bayan hare-haren jirage marasa matuƙa sun katse wutar tashoshin tace ruwa, ta nuna cewa ruwan sha nauyin hukuma ne. A ba kamfani gyaran famfo a biya shi, farashin ruwa kuwa ya zauna a hannun gwamnati.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne yaƙin bai ƙare ba, El Fasher ta Darfur ma ta faɗa hannun RSF a Oktoban 2025. Wannan ya isa ya sa a guji kuskuren bayan sulhun 2005 da ya kawo ƙarshen yaƙin kudancin Sudan, lokacin da kuɗin mai ya tafi a dogayen benaye a bakin Nilu, unguwanni irin su Mayo da Umbadda suna sayen ruwa a ganga. Ƙaro da gyaɗa da dabbobin da ke raya kasuwannin Omdurman daga Kordofan da Darfur suke fitowa, kuma mai jarin da ya gyara shagonsa yau zai zauna jiran kaya muddin hanyar El Obeid ta Kordofan ba ta da tsaro.