Sharhi: Hoton ƙwaƙwalwa na MRI da tambayar wa zai biya

A unguwar Utako da ke Abuja hedikwatar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, take. Ba a ɗaukar hoton kowa a wannan ofis, amma a nan ake tsara jerin gwaje-gwajen da inshora za ta biya da waɗanda za ta bar wa majiyyaci. Saboda haka duk wanda likita ya rubuta wa hoton ƙwaƙwalwa na MRI, a Sakkwato yake ko a Yola, hukuncin da aka yanke a Utako ya shafi aljihunsa.

Na'urar MRI ba ta amfani da hasken eksire. Majiyyaci zai kwanta cikin wani rami da maganaɗisu mai ƙarfi ya kewaye, wanda a na'ura mai tesla 1.5 ya ninka maganaɗisun ƙasa kusan sau 30,000. Wannan ƙarfi yakan jera ƙwayoyin haidurojin da ke cikin ruwan jiki, sai a girgiza su da igiyar rediyo, kwamfuta kuma ta mayar da amsar da suka bayar zuwa hoto. Da yake ƙwaƙwalwa galibinta ruwa ce da kitse, hoton yakan fito da bambancin sassanta filla-filla. A kan wannan aiki ne Paul Lauterbur na Amurka da Peter Mansfield na Ingila suka sami kyautar Nobel a 2003.

Amfaninta ga Najeriya ba abin neman hujja daga nesa ba ne. Binciken SIREN kan shanyewar ɓarin jiki, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan yake cikin jagororinsa, kuma asibitocin koyarwa na Kano da Zariya suka shiga, ya duba majiyyata fiye da 2,000 a Najeriya da Ghana. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna cewa kusan kashi 32 cikin 100 jijiya ce ta fashe jini ya zuba a ƙwaƙwalwa, sauran kuma toshewa ce, sannan hawan jini ne babban musabbabi. Alamun nau'in biyu kusan ɗaya ne ga ido: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe. Amma maganin da ke tsinka jini, wanda ke taimakon mai toshewa, yana iya kashe mai zubar jini. Hoto kaɗai ke rarrabewa. A sa'o'in farko na'urar CT ta fi sauri da araha, kuma sau da yawa ta wadatar. MRI ce ke gano ƙananan toshewa da CT kan tsallake, da ƙari, da tabon da ke haddasa wata farfaɗiyar.

A nan akwai wata fa'ida da ba a cika lissafa ta ba. Iyalai da yawa har yanzu suna danganta shanyewar jiki da farfaɗiya da iska ko sammu, a yi ta yawo da mara lafiya har lokacin ceto ya wuce. Hoton da likita zai ɗaga ya nuna wa dangi inda jinin ya taru yakan yi aikin da dogon bayani bai yi ba.

Misalin da ya fi nuna ƙimar na'urar a fagen bincike daga Malawi ya zo. A birnin Blantyre, masana sun ɗauki hoton yara 168 da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa. Rahotonsu na 2015 ya nuna cewa kashi 84 cikin 100 na waɗanda suka rasu suna da kumburin ƙwaƙwalwa mai tsanani, alhali cikin waɗanda suka rayu kashi 27 ne kacal. Wannan ya karkatar da hankalin likitoci ga yadda za a rage kumburin da taimaka wa numfashin yaro. Najeriya ce ke ɗauke da kusan rubu'in masu wannan zazzaɓi a duniya, don haka abin tambaya ne dalilin da ya sa ba daga Kano ko Katsina amsar ta fito ba.

Wani ɓangare na dalilin yana cikin ƙidayar da Farfesa Godwin Ogbole na Ibadan da abokan aikinsa suka buga a 2018. Sun sami na'urori 84 a duk Afirka ta Yamma, 58 daga ciki a Najeriya, wato ƙasa da na'ura ɗaya ga mutum miliyan uku. Japan tana da fiye da 50 ga kowane miliyan ɗaya. An ƙara sayen wasu tun daga lokacin, amma tazarar ba irin wadda 'yan shekaru za su cike ba ce.

Sayen ma shi ne mai sauƙi. Babbar na'ura tana buƙatar ruwan hiliyam mai sanyin kusan digiri 269 ƙasa da sifili, da wutar da ba ta yankewa dare da rana ko babu majiyyaci. Hiliyam da kayan gyara duk da dala ake shigo da su, ga darajar Naira ta faɗi tun Yunin 2023, ga kuɗin wutar rukunin A ya tashi zuwa Naira 225 kowane kilowat a Afrilun 2024. Bikin ƙaddamarwa yana shiga labarai, ranar da na'ura ta tsaya kuwa sai dai majiyyaci ya ji a bakin ƙofa. A ƙarshe duk wannan tsada kansa take komawa, har ta kai kuɗin hoto ɗaya a cibiyoyin kuɗi na Abuja kan haura mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000.

Nan ne maganar ta dawo Utako. A ƙa'idojin da tsohuwar hukumar NHIS ta fitar a 2012, an sanya MRI da CT cikin gwaje-gwajen da inshora ke biyan rabin kuɗinsu kawai. Tunani ne na zamanin da ake kallon hoton a matsayin alatu. Dokar da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Mayun 2022 ta kafa NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowa, sai dai waɗanda suka yi rajista kimanin miliyan 20 ne a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun jama'a yake fita.

Ba zai yiwu inshora ta biya wa duk mai ciwon kai MRI ba, kuma bai kamata ba. Asusun zai ƙare a kan hotunan da ba su canza magani ba. Abin da ya dace shi ne a ware 'yan larurori da hoton ke yanke hukunci a kansu, kamar shanyewar jiki, da zargin ƙari, da farfaɗiyar da ta ƙi jin magani, da yara masu amosanin jini da ake zargin cutar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, a biya su gaba ɗaya a kan farashin da zai ishi asibiti ya kula da na'urarsa. Asibitin da ya tabbata za a biya shi ne zai iya ƙulla yarjejeniyar gyara ta shekaru, ya kuma riƙe ƙwararrun da ƙasashen waje ke zawarci.

Akwai kuma ƙananan na'urori masu ƙaramin maganaɗisu, kamar Swoop ta kamfanin Hyperfine mai tesla 0.064, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2020. Ana tura ta a kan taya har bakin gado, ba ta buƙatar hiliyam, kuma soket na bango ya ishe ta. Hotonta bai kai na babbar na'ura kyau ba, amma yana nuna taruwar ruwa a kan jariri da babbar zubar jini. An riga an yi aiki da ita a Blantyre. Na'urar da ta fito da sakamakon 2015 a can ma tesla 0.35 ce kawai, wato ajin ƙaramin ƙarfi, wanda 45 daga cikin na'urori 58 da aka ƙirga a Najeriya suke ciki.