Kayan aikinmu: Ƙafar amalanke na son mai



Da kaka ne amalanke ke aikinta mafi nauyi. Ga hatsi, ga harawa, ga kara. Ran da ƙafa ta ƙi juyawa a hanya, hatsi zai kwana a gona, dabbar dare kuwa ba ta tambayar na wane ne. Amma ƙafa ba ta mutuwa ba sallama. Takan yi kuka, ko cibiyarta ta yi zafi in ka ɗora hannu.

Cikin cibiyar akwai ƴan ƙarafa masu mirginawa. Makanikai na ce musu boris, wasu su ce rulma. Yawanci guda 2 ne a kowace ƙafa, ɗaya ciki, ɗaya waje. Abokin gabansu rairai ne. In rairai ya gauraya da tsohon mai, sai ya riƙa cin ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa. Don haka zuba sabon mai bisa tsoho ba gyara ba ne. Sai an wanke.

Sauke kaya, ka kwance dabba. Ɗaga amalanke ka tokare ta da kututture mai ƙarfi. Buɗe murfin cibiya, zare ɗan ƙarfen da ke hana noti kwancewa, kwance noti, fiddo ƙafa. Jera kome bisa buhu mai tsabta yadda ka fiddo shi, kada maidawa ta rikita ka. Wanke boris da kananzir ko gazuwal cikin tsohon kwano, nesa da wuta. Ban da ruwa, ruwa tsatsa yake kawowa. Bar shi ya bushe inda ƙura ba ta kai. In ka ga ya yi ramuka, ko ya yi shuɗi-shuɗi don zafi, kwanansa ya ƙare. Tafi da shi kasuwa ka sayo irinsa.

Maganar mai ita ce babba. Giris ake sawa, mai kauri. Wasu na zuba baƙin man mota don a banza ake samunsa. Ya cika ruwa, zuba yake, kuma da garin ƙarfe a ciki. Man gyaɗa danƙo yake komawa, a bar wa uwargida abinta. Ɗebi giris a tafin hannu, ka riƙa danna boris a kai har giris ya ɓullo ta ɗaya gefen. Shafa a waje kaɗai bai isa ba.

Wajen maidawa, ɗaure noti kana juya ƙafa. In ya kama, sassauta kaɗan. Ƙafa ta juya sumul, ba ta girgiza. Maida ɗan ƙarfen nan, in ba shi noti zai faɗi a hanya. Goge man da ya taɓa taya, mai na lalata roba.

A yi haka sau 2 a shekara, bayan damana da bayan hunturu. Wanda amalankensa ta shiga ruwa har cibiya ta nutse, kada ya jira, ya buɗe cikin satin nan.