Jami'a da Shawarar Talakawa

A wannan mako ina so in jawo hankalinku, musamman malamai da ma'aikatan ofis, zuwa ga wani abu da ya faru a Tamale ta ƙasar Gana, garin da 'yan'uwanmu Hausawa su ke zaune tun da daɗewa.

A shekarar 1992 aka kafa jami'a a can, wadda a ke kira UDS. Cikin ƙa'idodinta har da tura ɗalibai ƙauyuka su zauna tare da mutane, su ga damuwarsu da idonsu. To, a cikin watan Janairu 2015 sai malamanta suka haɗa kai da na Jami'ar Stanford ta Amurka, suka gwada wata dabara da Farfesa James Fishkin ya fito da ita a 1988.

Ga yadda aka yi. Aka zaɓo mutum sama da 200 daga cikin mutanen gari ta hanyar ƙuri'a, ba sani ba sabo. Suka kwana biyu suna shawara a kan ruwan sha, da tsabta, da abinci. Da ya ke da yawansu ba su iya karatu ba, sai aka nuna musu bayanin a majigi. Aka raba su ƙungiya-ƙungiya, kowa ya faɗi ra'ayinsa, sa'an nan suka yi wa masana tambayoyi. Har batun ba da ruwan kwata ga lambu suka tattauna, abin da ke ciyar da wani, ya kuma sa wa wani cuta. An tambayi ra'ayin kowa kafin zama, aka sake tambaya bayan an tashi.

Abin lura a nan, malaman ba su yanke wa kowa hukunci ba. Nasu kawo hujja ne da tsare adalci, don kuwa mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. A ganina ƙuri'ar nan ita ce tushen amana. Kowa ya san irin taronmu: kullum manya a ke gayyata, talaka sai dai ya ji an ce an gama. Wanda ba a yi shawara da shi ba kuwa, ina zai riƙe abin da aka zartar da hannu biyu?

Saboda haka ina roƙon jami'o'inmu na Zariya, da Kano, da Sakkwato, da Yamai, su dubi wannan hanya. Rigimar manoma da makiyaya kaɗai ta isa a fara da ita. Allah ya sa mu gane, amin.