Man Kolmani: Kada Mu Yi Cinikin Biri A Sama

Jama'a, tun da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a watan Nuwamba na 2022, aka ce akwai ganga fiye da miliyan dubu ɗaya, wasu 'yan'uwanmu mazauna Agege da Sabon Ibadan da Fatakwal suka ɗauka zaman Kudu ya ƙare. To, ni dai ra'ayina shi ne mu bi a hankali.

Man fetur ba tafki ba ne da za a zura sanda a auna zurfinsa. Cikin ƙofofin dutse yake, kamar ruwa cikin soso. Masana sukan aika girgiza cikin ƙasa su saurari amsa-kuwwa, su haƙa 'yan rijiyoyi, sa'an nan su yi kintace. Kuma abin da ake iya zaƙulowa galibi bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. In kuɗin ganga ya faɗi, wani man ma haƙo shi hasara ne, sai a soke shi daga lissafi.

Wani sa'in kuma son rai kan shiga lissafin. A 1985 Kuwaiti ta ɗaga adadin nata daga ganga miliyan dubu 64 zuwa 90, lokacin da ƙasashen OPEC ke jayayya kan rabon da kowa zai haƙa. A Janairun 2004 kamfanin Shell ya zabge ganga miliyan dubu 3.9 daga abin da ya ce ya tabbata, wajen kashi ɗaya cikin biyar ke nan, kuma babban kaso na man Nijeriya ne.

Ba na musun cewa kintace kan gaza gaskiya. Man Amurka ya soma raguwa bayan 1970, amma sababbin dabarun fasa dutse suka sa a 2018 ta haƙo fiye da na wancan lokaci. Ashe ke nan adadin yana iya hawa, yana iya sauka.

Mu da ke zaune Kudu mu ne shaida. A Oloibiri aka fara samun mai a 1956, amma kafin 1980 an rufe rijiyoyin, aka bar mutanen garin da talaucinsu.

Saboda haka ina kira ga mai goro da mai shanu da mai albasa, kowa ya riƙe sana'arsa. In kun aika gida, ku ce kada wanda ya saki gona don jiran man da ba a ga ƙarshen lissafinsa ba. Allah ya sa mu dace, amin.