Kiɗan Saksofon na Farko: Hajar Kasuwa ce ko Fasaha?

Idan aka ambaci saksofon, hankalin yawancin mutane kan koma ga kiɗan jaz na Amurka. Masu nazarin kiɗan gargajiyar Turai kuwa sukan ɗauko tarihin rukunin mabusansa daga 1928, lokacin da Marcel Mule ya kafa rukunin mutum huɗu a Paris, ko daga 1932, shekarar da Alexander Glazunov ya tsara shahararren kiɗansa na saksofon huɗu. Abin da ya gabaci wannan ana yi masa kallon tallan haja kawai. A ganina, wannan hukunci bai yi wa magabata adalci ba.

Adolphe Sax, haifaffen garin Dinant na ƙasar Beljiyam, ya sami takardar mallakar ƙirƙirar saksofon a Paris a 1846. Dangi guda ya ƙera na kayan busa masu jikin tagulla da harshen kara, tun daga mai siririyar murya har zuwa mai kaurin amo. Sai dai kayan kiɗa ba ya rayuwa in babu abin da za a busa da shi. Beethoven da Mozart sun riga mu gidan gaskiya kafin zuwansa, makaɗan gidajen opera kuma sun yi masa taron dangi, maƙeran Paris suna ta jan mai shi zuwa kotu. Saboda haka Sax ya buɗe maɗaba'arsa, ya nemi abokansa su rubuta.

Jean-Georges Kastner na cikin waɗanda suka fara amsa kira, da kiɗan saksofon shida. A 1857 Jean-Baptiste Singelée, ɗan Beljiyam mai goga biyolin, ya tsara kiɗan mabusa huɗu mai lamba 53 a jerin ayyukansa, mai sassa huɗu. Tsarin muryoyin da ya zaɓa, wato sofarano da alto da tena da baritan, shi ne aka fi bi har gobe. Jérôme Savari, jagoran badujalar soja, ya rubuta wa rukunoni daga mutum biyu har zuwa takwas. A can New York ma, Caryl Florio ya tsara kiɗan mabusa huɗu a 1879.

Hujjar masu raina waɗannan ayyuka ita ce, mai sayar da kayan ne ya sa aka yi su, shi ya buga su, ɗalibansa sojoji ne suka busa su. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Da yawansu gajeru ne, karinsu aro ne daga salon opera na zamanin, kuma babu wanda zai jera Savari da Beethoven. To amma tun yaushe ne dalilin yin aiki ya zama ma'aunin ingancinsa? Haydn ya shafe kusan shekara talatin yana yi wa gidan sarautar Esterházy kiɗa bisa umarni, a nan kuma ya raini kiɗan masu goge huɗu. Mu da muke nazarin waƙoƙin fada mun fi kowa sanin wannan, domin ba mu taɓa rage wa Narambaɗa daraja don ya yi wa ubangidansa Sarkin Gobir na Isa waƙa ba.

Abin dubawa shi ne matsalar da waɗannan mutane suka warware. Muryoyin saksofon suna kama da juna ƙwarai, har sukan narke su zama amo guda. Mai tsara kiɗa sai ya san yadda zai raba karin tsakaninsu, ya bar wa kowa wurin numfashi, ya hana mai kaurin murya danne sauran. Singelée ya ɗauko dabarun 'yan goge ya gwada su a kan mabusa, babu wani samfuri a gabansa.

Me ya sa aka manta da su? Ajin saksofon da Sax yake koyarwa a makarantar kiɗa ta Paris tun 1857 an rufe shi a 1870, shekarar yaƙin Faransa da Farusiya, ba a sake buɗe shi ba sai 1942. Shi kansa Sax ya karye sau uku kafin rasuwarsa a 1894. Da makaranta ta rufe, maɗaba'a ta durƙushe, sai takardun suka kwanta a ɗakunan ajiya. Rashin magada ne ya binne su, mu kuma muka ɗauki shirun a matsayin hukunci.

Wanda duk zai rubuta tarihin wannan fanni, ya kamata ya fara daga Kastner da Singelée, ya saurari ayyukansu kafin ya yanke musu daraja.