Mas'alar Tsohuwar Marsandi Mai Yoyon Man Giya: A Toshe Ko A Wargaza?

Yau ga wata mas'ala da wani aminina ɗan kasuwa ya kawo mini. Yana da Marsandi 230E ƙirar 1982 wadda ya gada wurin mahaifinsa, irin wadda giyarta ke sauya kanta ba sai direba ya taka kuloci ba, watau otomatik. Kullum da safe sai ya iske jan mai ya ɗiɗɗiga inda ta kwana. Ya kai ta ga kanikawa biyu. Na fari ya ce a sake 'yan robobi a toshe yoyon, aikin yini guda. Na biyu ya ce a'a, sai an sauke akwatin giyar ɗungum, a wargaza shi, a sabunta cikinsa. Tsakanin ladan aikin nan biyu akwai rata mai nisa, ga shi kuma motar ba abar sayarwa ba ce gare shi.

Ni dai ra'ayina shi ne, yoyo shi kaɗai bai isa hujjar wargaza akwatin giya ba. Ga dalili.

Wannan samfurin Marsandi, wanda masu ƙera shi ke kira W123, an yi shi a Jamus daga 1976 zuwa 1986, an kuwa ƙera wajen miliyan 2.7. Ke nan ƙaramar cikinsu ta doshi shekara 40. Ƙarfe yana jure wannan zamani, amma roba ba ta jurewa. Duk inda wani sanda ya shiga akwatin ko ya fita, akwai zoben roba mai tare mai, wanda kanikawa ke kira sil. Zafi da shekaru su ke busar da shi, ya ƙandare, ya tsage. Saboda haka mota tana iya yoyo alhali kuwa cikin giyarta lafiya lau. Tsufan roba daban, lalacewar ciki daban, wanda ya gama su a hukunci guda ya yi gaggawa.

Amma fa kada mai karatu ya ɗauka yoyon abin wasa ne. A giya irin ta hannu, aikin mai shafe haƙora ne kawai. A otomatik kuwa, man shi ne mai ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya, ta cikin wani tulun ƙarfe da ke tsakaninsu. Shi ne kuma famfo ke turawa ya matse faya-fayan kuloci na ciki domin giya ta kama, shi ne ke kwashe zafi. Kadan ya ragu, matsin ya yi rauni, sai faya-fayan su riƙa sulɓewa suna gogar juna har su ƙone. Watau ƙaramin yoyo da aka ƙyale shi ne ke haifar da babban aikin da ake gudu.

To, abin da ya kamata a fara shi ne a san inda man ke fitowa, ba a yi ƙiyasi ba. Mai yana gangarowa, iskar tafiya kuma tana kora shi baya, don haka inda ya ɗiga ba lalle nan ne mafitarsa ba. A wanke akwatin tas, a bar shi ya bushe, a yi 'yar tafiya, sa'an nan a ɗaga motar a nemi wuri mafi bisa da ya jiƙe. Sau da yawa laifin na gasket ɗin kaskon da ke ƙarƙashin akwatin ne, musamman in wani ya taɓa ɗaure notinansa da ƙarfin tsiya har bakin kaskon ya lanƙwashe. Ko zoben gindin bututun da ake auna mai, ko na sandan da hannun giya ke juyawa, ko tiyon da ke kai mai lagireto domin ya huce, ko sil na baya inda ƙarfi ke fita zuwa ƙafafu. Waɗannan duka ana sake su akwatin yana jikin mota.

Akwai wata fa'ida da masu ajiye tsofaffin motoci ba su cika sani ba. Kadan mota ta daɗe a tsaye, man da ke cikin tulun nan yakan sulalo ya koma kasko, ya taru ya hau har ya kai ga robobin da a da bai kai gare su ba, sai ya tsiyaye. Mai ita ya ga tabki a gareji hankalinsa ya tashi, alhali da ana hawanta mako-mako da abin bai kai haka ba. Haka kuma wanda ya cika mai ya wuce alama, man kan yi kumfa ya fita ta kafar shan iska. Awo na gaskiya shi ne mota tana bisa shimfiɗaɗɗen wuri, inji ya yi zafi yana aiki, hannun giya yana kan P.

Yaushe ke nan wargazawa ke wajaba? Sai shaidu sun tsaya. Na farko man kansa: lafiyayye ja ne garau, kadan ya koma baƙi-baƙi yana ƙauri, faya-fayai sun ƙone. In kuwa ya yi kauri ya koma kamar an gauraya shi da madara, ruwan lagireto ne ya shiga cikinsa, ruwa kuwa yana ɓamɓare fatar faya-fayan, wannan babu toshiyar da za ta yi masa magani. Na biyu kaskon: a kwance shi a duba gindinsa da matatarsa. Ɗan toka-toka mai laushi abin al'ada ne ga tsohuwar giya, amma ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ko gutsattsarin fata baƙaƙe shaida ce mai ƙarfi. Na uku halin motar a hanya, bayan an cika man daidai: inji ya yi ta kuka gudu bai ƙaru ba, ko a sa ribas ta yi jinkiri mai tsawo kafin ta kama. A nan ma a yi hattara, domin giyar Marsandin nan tana sanin nauyin da inji ke ɗauke da shi ta wani siririn tiyo mai zuƙar iska. Kadan tiyon ya tsage sai ta riƙa sauya giya da duka, mai ita ya zaci ta mutu, alhali maganin abin aljihu ne.

Saura wuri guda mai wuya, inda ni ma nake sassauta ra'ayina. In yoyon daga gaba yake, tsakanin inji da akwatin, to sil ɗin famfo ne, kuma babu hanyar kai gare shi sai an sauke akwatin. Zoben kansa kuɗinsa kaɗan ne, ladan saukewa da mayarwa shi ne nauyin. Ɗan kasuwa ya san wannan lissafi: wanda ya biya kuɗin mota zuwa Ikko ba ya komowa da ƙunshi guda. Kadan giyar ta yi tafiya mai yawa, ba a taɓa buɗe ta ba, kuma ko shaida ɗaya daga cikin ukun nan ta bayyana, sai a yi aikin gaba ɗaya a biya ladan saukewa sau ɗaya. In kuwa man ja ne, kasko tsaf, sauyi sumul, a sake robobin waje duka tun da ga shi a ƙasa, a mai da shi yadda yake.

Abin da ya sa nake tsoron buɗewa ba da dalili ba, cikin akwatin nan akwai ƙananan hanyoyin mai da 'yan ƙwallaye da sifirin, kowane da mazauninsa, ƙwayar yashi guda tana iya maƙale ɗaya. Giyar da aka haɗa a Jamus ta yi shekara 40 tana aiki, in aka baje ta bisa buhu a bakin titi cikin ƙurar hunturu, tana iya komowa ta fi dā lalacewa. Wanda ya ƙudura wargazawa ya fara ganin teburin mai aikin, ya tambayi nawa irinta ya taɓa haɗawa, ya kuma yi sharaɗin a nuna masa tsofaffin kayan da aka cire. Masu cewa a je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a sayo wani akwatin na hannu a ɗora, su tuna shi ma robobinsa sa'o'in waɗannan ne, ba kuma wanda ya ga cikinsa.

Aminin nawa dai an wanke tasa an duba. Man ja ne, ribas tana kamawa nan take, yoyon kuwa daga bakin kasko ne da gindin bututun awo. Na ce masa ya bi maganar bakaniken farko, ya sake mai da matata, ya shimfiɗa kwali ƙarƙashinta kowane dare har wata guda, ya riƙa duba shi da safe.